'Yar Tsanar da Ta Ƙi Motsi a London

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa a natse ba. Wannan ta shigo ta ce yaya London, waccan ta ce wai da gaske ne rana ba ta fitowa, wata kuma so take ta ji ko Turawa suna wanka. Bakina ya gaji. Shi ya sa na aika aka kira mini Malama Asabe mai koyarwa a makarantar 'yan mata, na ce ta zo da alƙalami, in faɗa sau ɗaya ta rubuta, duk mai son ji ta nemi mai karanta mata. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla. Amma Allah ya ba ni ido, kuma duk Gumel an san abu ba ya wucewa ta gabana ban gan shi ba.

Dalilin tafiyar dai haihuwa ce. Ɗana na fari, wanda gwamnati ta tura karatu shekara bakwai ke nan, matarsa Hadiza ta sake haihuwa, namiji. Uwar Hadiza ta rasu, babu mai yi mata wankan jego. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun san ɗan fari ne, don haka zan dinga ce masa Baban Safiya. Safiya ita ce 'yarsu ta fari, shekararta shida, a can aka haife ta, ban taɓa ganinta ba sai a hoto.

Wahalar farko a Kano na sha ta, wajen mai hoton fasfo. Wai sai na ture mayafi an ga kunnuwana. Na ce masa, "Ɗan nan, Turawan da kunnena za su yi magana ko da ni?" Muka yi ta ja, a ƙarshe na ba shi kunne ɗaya. Aka yi mini allura, hannuna ya kumbura kwana uku. Na koma gida na haɗa kaya: garin gero, kanwa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin jego da na daka da hannuna, kilishi, da busasshen ganyen darbejiya na wanka.

Ranar tafiya, motar da ta ɗauko ni daga Gumel sabuwa ce ful, direban kuma yaro ne mai kan zafi. Tun da kuɗin fetur ɗin nan ya shigo hanya ta cika, manyan motoci ɗauke da siminti, ƙanana ɗauke da rediyo da katifu, kowa sauri yake yi kamar an kira shi. Da ya wuce mota ta uku a kwana, sai na daki bayan kujerarsa na ce, "Kai direba, in alkawari ka yi da mutuwa, sauke ni ka je kai kaɗai." 'Yan mota suka yi dariya. Ni ban yi ba. Ya rage gudu.

A jirgi an haɗa ni da wani alhaji ɗan kasuwa mai zuwa sayen yadi. Mutumin kirki, sai dai surutu. Shi ya ɗaura mini igiyar kujera, shi ya ce in haɗiyi yawu da kunnuwana suka toshe. Aka kawo abinci a wani ɗan faranti mai ɗakuna, komai ɗan tsit, ga wani ganye ɗanye kamar na akuya. Na tura masa nawa, na kwance ƙullin ƙuli-ƙulina. Banɗakin jirgi kuwa, in kin danna abin, wata ƙara yake yi kamar zai haɗiye ki. Sau ɗaya na shiga, na riƙe sauran har ƙasa.

Da muka sauka aka jera mu a layi. Baturen da ke buga hatimi ya dubi hoton, ya dube ni, ya yi magana. Na miƙa masa takardar da Baban Safiya ya aiko ya ce in nuna. Ya karanta, ya buga, na wuce. A wajen masu binciken kaya ne aka yi abin kallo. Wani dogo mai jan gashi ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Ya ja da baya, idonsa ya kawo ruwa, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya sansana, shi ma ya ja da baya. Allah ya kawo wani ɗalibi ɗan Zariya a bayana, ya ce musu kayan miya ne. Suka ce wai ko ta lalace ne. Na ce, "Gaya musu yanzu ta yi kyau." Kanwa ma sai da suka lasa. Suka bar mini komai, kilishi kawai suka riƙe. Allah ya sa an ci lafiya.

Baban Safiya yana bakin ƙofa. Ya rame, ya tara gashi. Ya durƙusa a nan ƙasa gaban Turawa ya gaishe ni, na kau da kai na ce, "Ka zo?" Ya ce, "Na zo, Inna." Ya yafa mini wata ƙatuwar riga mai nauyin buhu. Ban san amfaninta ba sai da aka buɗe ƙofar waje, sanyi ya mare ni har cikin haƙori. Akwai wata matattakala mai tafiya da kanta, ya ce in taka kawai. Na ce abin da ke tafiya ba a aike shi ba, ni ba na hawansa. Muka bi ta ƙafa. Daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga nan wani jirgin, daga nan bas, har na fara tunanin ko Gumel za mu koma.

Unguwarsu Thamesmead, Malama Asabe ce ta san yadda ake rubuta shi. Siminti ne zalla, launin toka, gida kan gida, mutum kan mutum. Na kansul ne, wato na hukuma, in ji shi, suna ce wa nasu filat. Babu tsakar gida, babu zaure, babu inda za ki shanya tsumma rana ta gan shi. Su suna hawa na bakwai.

To, nan ne na yi abin da na yi, kuma tun da na ce zan faɗa, zan faɗa duka.

Hadiza ce ta buɗe ƙofa, jariri a kafaɗa, yarinya ta rungume ƙafarta tana leƙena. Hadiza ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi. Sai ta jawo yarinyar, ta sumbaci goshinta, ta ce, "Safiya, ga Kaka. Safiyata, gaida Kaka mana." A gabana. Ina cire takalmi, ban ko ɗaga murya ba, na ce, "Ashe a nan 'yar fari ma da sunanta ake kiranta, har da sumba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Hannun Hadiza ya sauka daga kan yarinyar kamar ta taɓa wuta.

Ku kun san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna shi nata ne, balle a gaban surukarta. Haka aka yi mana, haka muka yi. Daga ranar Hadiza ta kama wannan kunya gam. Yarinyar ta zama "ke", ta zama "wannan". In ta zo za ta hau cinyarta sai ta miƙe ta shiga kicin. Ni kuwa raina ya yi fari, na ce London ba ta gama cinye tarbiyyar yarinyar nan ba.

Ɗakin Safiya aka ba ni, ita aka mayar da ita kujerar falo. Ɗakin cike da 'yan tsana. Ba irin namu na kara ko na ƙashi ba, waɗannan da ido, da gashin ido, da haƙora, wata in kin kwantar da ita ta rufe ido, in kin tashe ta ta buɗe. Ga sojan katako, ga doki, ga wata dabba mai gashi. Na ce ba zan yi salla abubuwan nan suna kallona ba. Na tara su a kusurwa na lulluɓe da zane. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Na ce, "Zo nan, 'yar gidana." Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take amsawa. Kalma ɗaya ta faɗa, na kuma gane ta ko ba tafinta. Ta juya.

Wankan jego a London sai haƙuri. Babu itace, babu tukunyar ƙasa, ruwan zafi daga famfo yake fitowa, kuma bai kai zafin da nake so ba. Sai in dafa wani a kan gas in ƙara. Ganyen darbejiya ya toshe mana hanyar ruwa sau biyu, Baban Safiya ya dinga tsugunawa da waya yana zaro shi yana cewa, "Inna, za a yi mana complain." Na ce a yi. Kunun kanwa dai ban fasa ba, safe da yamma, kuma Hadiza ta yi jiki, jaririn ya yi ɓul-ɓul. Abincinsu kuwa dankali, gobe dankali, jibi kifi da dankali a naɗe a takarda. Rana kuma sai ta ga dama. Kina idar da azahar la'asar ta shigo, kafin ki naɗe tabarma magariba ta yi.

Lokacin ya zo daidai da shirin Kirsimatinsu. Su nasu bikin, itace suke sarowa su shigo da shi cikin ɗaki su yi masa ado da fitilu, mutane kuwa su sa baƙaƙen riguna. Wata Asabar Baban Safiya ya ɗauke ni da yarinyar a bas mai bene, ya ce zai nuna mini inda yake karatu, wajen da ake kira Aldwych. A hanya muka sauka kallon shaguna. A bayan wani gilashi na ga 'yan tsana suna motsi da kansu, wannan na buga ganga, waccan na juyi da ƙafa ɗaya, wani tsoho na gyaɗa kai. Na ja da baya ina neman tsari. Ya ce, "Inna, inji ne a cikinsu." Na ce, "Inji ko ba inji ba, wancan tsohon ni yake kallo."

A Aldwych ɗin ya nuna mini wani babban gida, manya da yara sun yi layi cikin sanyi. Ya ce tatsuniya za su shiga kallo. Wai suna da wata tsohuwar tatsuniya da suke yi duk Kirsimati, ta kayan wasan yara. In mutanen gida sun yi barci agogo ya buga, sai kayan wasan su farka, soja ya yi maci, doki ya yi sukuwa, 'yan tsana su yi rawa, kafin gari ya waye kowa ya koma inda aka ajiye shi ya sandare. Na ce mu tatsuniya a bakin tsohuwa take, kyauta, su kuma ga masu gemu a layi. Sai ya ce ai makarantar su Safiya ma za su yi irinta kafin hutu, kuma ita ce 'yar tsana mai rawa, ita ce ta ƙarshen farkawa. Na dubi yarinyar. A ranar na fara ganin haƙoranta.

Kullum in ta dawo makaranta sai ta gwada a falo. Ta tsaya ƙiƙam, hannu a sandare, ido a buɗe ba ƙiftawa. Sai yatsa ɗaya ya motsa, sai wuya, sai ta ɗaga hannu ta fara juyi. Gaskiya ta iya. Tana gamawa sai ta ce, "Mami! Mami!" Hadiza kuwa in ina wurin, idonta na kan tukunya ko kan jariri. Sai ta ce, "Ke, matsa, za ki ture abu." Kwana biyu, kwana uku, yarinyar ta daina kira. Daga baya gwajin ma sai ta shiga banɗaki ta rufe. Abinci ta fara bari a kwano.

Wata rana bayan la'asar na fito daga alwala, na ga ƙofar ɗakina a buɗe. Na tsaya daga gefe. Safiya ce a zaune a ƙasa, ta yaye zanen, ta fito da 'yan tsana uku. Babbar 'yar tsana mai dogon gashi, ta ɗora mata ƙarama a cinya, tana haɗa fuskokinsu, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, murya biyu, har da dariya. Sai ta jawo ta ukun, dabbar nan mai gashi. Ta naɗe ta da baƙar safar ubanta, fuska kaɗai a waje. Ban yi boko ba, amma na san mayafina in na gan shi. Ta tako da ita, tinƙis, tinƙis. Tana isowa, sai yarinyar ta fizge ƙaramar daga cinyar babbar ta jefar, ta juya fuskar babbar ga bango. Can ta ɗauki mai baƙin mayafin ta cusa a cikin jakar tafiyata, ta ja zif. Sannan ta juyo da babbar, ta mayar mata da 'yarta.

Na koma banɗaki a hankali na sake alwalar da ba ta karye ba.

Kwana biyu bayan haka muka yi baƙuwa daga Dagenham, wata Mariyama 'yar Kumasi, mijinta a kamfanin mota yake aiki. Ita ta kula da Hadiza lokacin haihuwar fari. Ta zo mana da dokunu, wani tuwon masara nasu, da soyayyen kifi. Hausarta ta zango ce, mace ma "ka" take ce mata, da farko na zaci raini ne. Ba ta da ɓoye-ɓoye. Hadiza na shiga kicin ta matso kusa da ni.

"Hajiya, me ka yi ma yarinya nan?"

Na ce, "Wace yarinya?"

"Safiya. Da shi na dariya kullum, shi na hawa bayan uwanshi kamar biri. Yanzu duba shi. Ya tambaye ni wai Mami ya samu sabon bebi, ya gama da shi? Wai ko shi ya yi laifi?"

Na ce, "Kunya ce. Ku ba ku da ita a Kumasi?"

Ta ce, "Muna da shi. Amma a gida. A gida in uwa ya kau da kai, mutum goma na nan. Nan wa ke nan? Bango?"

Ni ban saba ƙaramar yarinya ta yi mini faɗa ba. Amma maganar ta zauna. Na tuna lokacin da Baban Safiya ya yi ƙyanda yana ɗan shekara biyar. Ina bayan ɗaki ina daka, ina jin kukansa, ban leƙa ba. To amma yana cinyar kakarsa, gwaggonsa na yi masa fifita, matar baffansa na dama masa koko. Bai taɓa neman hannu ya rasa ba. Sai na ƙirga cinyoyin da ke filat ɗin nan. Uban ya fita tun duhu, sai duhu. Uwar kuma ni na toshe mata hanya. Saura ni, wadda ta ƙwace mata ɗaki ta lulluɓe mata 'yan tsana.

Na gwada gyarawa da baki. Muna banɗaki ina gasa wa Hadiza baya na ce, "Yarinyar nan ta rame."

"To, Inna."

"A dinga kula da ita."

"To, Inna."

Ba abin da ya canja. Ta zaci gwada ta nake yi. Ni kuma bakina bai iya cewa "na yi kuskure" ga surukata ba, ban taɓa ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Ranar wasan ta zo, Hadiza ta riga ta yi arba'in da kwana uku. Da safe ta ce, "Inna, ku je ke da shi, ni zan zauna da yaro." Safiya na tsaye da jakar makaranta, ta ji. Na san dalilin Hadiza: ta zauna kusa da ni tana kallon 'yar farinta a gaban jama'a, ina za ta sa idonta? Na ce, "Ni Turanci nake ji? Wa zai gaya mini abin da ake cewa? Shi a baya zai tsaya da maza. Ɗauko mayafinki."

Ƙarfe biyu na rana aka fara. Wani babban ɗaki ne, an rataya takardu masu launi, kujerun ƙanana, gwiwata har ƙirji. Iyaye sun cika, Turawa, Indiyawa, baƙaƙe irinmu, kowace uwa tana ɗaga wa nata hannu ba kunya ba tsoron Allah. Malamarsu, wata siririya mai tabarau, ta zauna gaban akwatin kiɗan nan mai fararen haƙora, fiyano. Aka ja labule. Ga itacen ado, ga yara a jere a ƙarƙashinsa sun sandare, wannan soja, wannan doki, waccan agwagwa. Safiya tana can ƙarshe, a tsaye cikin wani kwali, da jar riga, an zana mata jan da'ira a kowane kunci.

Aka buga agogo. Malama ta taɓa kiɗa, soja ya farka ya yi maci, hularsa ta faɗi, aka yi dariya aka tafa. Doki ya farka. Agwagwa ta farka ta taka wutsiyar doki. Ɗaya bayan ɗaya, kowa da kiɗansa, kowa uwarsa ta tafa masa. Hadiza tana raɗa mini abin da ake yi, kanta a sunkuye.

Sai aka zo kan Safiya. Kiɗan ya canja, ya yi sanyi. Ba ta motsa ba.

Malama ta kai ƙarshe, ta dube ta ta saman tabarau, ta sake farowa. Ba ta motsa ba. Yaran suka fara waige. Wani ya yi tari. Ni na san ba mantuwa ta yi ba, sau nawa na ga ta yi shi a falo. Idonta na bi. Ba malama take kallo ba, mu take kallo. Na juyo. Hadiza ta kafa ido a kan jaririn da ke cinyarta, hawaye na ɗiga a kan zanen goyo, amma ba ta ɗago ba. Kuma na san ba za ta ɗago ba muddin ina zaune a wurin, ko da yarinyar za ta kwana a cikin kwalin nan.

Na ce, "Ba ni yaron nan. Iska yake so."

Ta ce, "Inna, barci yake yi."

"Na ce iska yake so. Kuma zan daɗe a waje."

Na karɓe shi na miƙe. Kujerar ta yi ƙara, rigar nan mai nauyi ta kama wata Baturiya a kai, na taka ƙafar wani. Duk ɗakin ni ake kallo. Na bi tsakiya ban yi sauri ba, don ina so yarinyar ta ga fitata da kyau. Na tura ƙofa, na bar ta ta rufe.

Wajen wani dogon lungu ne mai sanyi, an rataye rigunan yara a jere. Na juya wa ƙofar baya. Akwai ɗan gilashi a jikinta, da na so da na leƙa. Ni da ba a shige da kwano a rufe a gidana ban san abin da ke ciki ba, na tsaya ina kallon rigunan 'ya'yan mutane.

Kiɗan ya faro karo na uku. Sai na ji murya. Ban taɓa sanin Hadiza tana da murya haka ba.

"Safiya! Safiyata! Ina kallo!"

Sai na ji kwali ya yi motsi. Sai ƙafa a kan katako, a hankali, sai da sauri. Kiɗan ya bi ta. Da aka fara tafi, har ƙasan da nake tsaye sai da ya amsa, jaririn ya farka ya tsala kuka.

Ƙofa ta buɗe, Baban Safiya ne. Ya ce, "Inna, ki shigo mana, za ta sake. Ki gani ko kaɗan."

Na ce, "Kai ka koma."

Bai koma ba. Ya tsaya kusa da ni, muna kallon rigunan tare. Na ce, ban dube shi ba, "Maɓallin wuyanka a buɗe yake. Mura kake nema?" Ya ɓalla shi.

Don haka kada wadda ta sake tambayata yadda rawar ta kasance. Ban gani ba. An ce ta yi kyau.

Wata guda na ƙara a London bayan wannan. Ni da Hadiza ba mu taɓa tayar da maganar ba. A gabana ta ci gaba da kunyarta, don ba a sauke abu irin wannan a rana ɗaya, ni ma ban ce ta sauke ba. Abin da na yi shi ne na koyi tari. Duk lokacin da zan fito daga ɗaki sai in ja takalmi, in yi tari biyu, in tsaya gyaran mayafi. Ina jin 'yar dariya, ina jin ana sauka daga kujera, sannan in shigo in tarar kowa a inda ya dace. Yarinyar ta koma cin abinci. Sallata kuma na mayar da ita falo, na bar mata ɗakin da rana ita da mutanenta.

Ana saura kwana biyu in taho, hankalina yana kan ɗaurin kaya, na fito ban yi komai ba. Na tarar da Safiya kwance a cinyar uwarta ana yi mata kitso, an yi rabi. Hadiza ta zabura za ta ture ta. Yarinyar ta riƙe zanen uwar da hannu ɗaya, ta ɗago ta dube ni, ta ɗaure fuska irin yadda nake ɗaurewa, ta nuna mini ƙofa. Da Hausa ta faɗa, tiryan-tiryan:

"Kaka, ba ki yi tari ba."

Na ce, "Haka ne, uwata. Na yi laifi."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, sojan katako yana kallona ina kallonsa. Sai da na tabbata an kai ƙarshen kitson nan, sannan na yi tarin.